DOKTA NNAMDI AZIKIWE (1904–1996): SHUGABAN ƘASAR DA BA SHI DA MAKAMI SAI BAKINSA

Da Edita ya aiko mini cewa ni ke da filin tarihin magabata a wannan fitowa, na san da yawa daga cikinku za su zaci Sardauna zan ɗauko, ko Tafawa Ɓalewa, ko Malam Aminu Kano. To, sai ga shi na ɗauko Zik. Ku yi mini haƙuri ku ji dalili.

A ƙarshen shekarar 1964 ina aji uku. Da aka ba mu hutu na koma gida Abare, ta ƙasar Anka. A lokacin duk ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum tana ƙarƙashin En'e ta Sakkwato. Akwatin rediyo ɗaya ne a unguwarmu, na wani ƙanen mahaifina mai sayen gyaɗa, kuma duk sa'ad da aka yi magana da Turanci ni ake kira in fassara, tunda ni ne ɗan boko. Wata rana da dare, muna zaune a bakin wuta saboda hunturu, sai wani dattijo ya tambaye ni, wai tsakanin Zik da Abubakar wane ne sama? Na ce Zik ne sama, amma Abubakar ke da iko. Aka fashe da dariya. Dattijon ya ce ashe abin da ake koya mana ke nan a makaranta, a ce ga sarki amma ba ya hukunci. Na yi ta kame-kame, na kasa fitar da kaina. Wannan rubutu shi ne amsar da dattijon nan yake bina bashi sama da shekara sittin.

YARON ZUNGERU

An haifi Nnamdi Azikiwe ran 16 ga Nuwamba, 1904, a Zungeru, wadda ke cikin Jihar Neja a yau. A wancan zamani Zungeru ce hedkwatar mulkin Turawa ta Arewa, mahaifinsa kuwa mutumin Anacha ne da ke aikin akawu a wurin. Saboda haka Hausa ce yaron ya fara iyawa sosai, har mahaifinsa ya ji tsoron kada ya tashi bai san harshen iyayensa ba, ya aika da shi Anacha yana da shekara takwas. Daga baya ya yi karatu a Kalaba da Ikko, watau Legas, inda ya ƙara da Yarbanci. Kun ga ke nan tun yana matashi yana jin manyan harsunan ƙasar nan guda uku, abin da ba kowane ɗan siyasar zamaninsa ya samu ba.

A 1925 ya tafi Amurka neman ilmi. Ya fara da Kwalejin Storer, ya wuce Jami'ar Howard, ya sami digirinsa na farko a Jami'ar Lincoln a 1930, sa'an nan ya ƙaro a Jami'ar Pennsylvania. Bai sami karatun nan cikin sauƙi ba, don kuwa ya yi wanke-wanke da sauran aikin ƙarfi kafin ya biya kuɗin makaranta. A can ne ya ga yadda baƙaƙen fata ke amfani da jarida da mumbari wajen neman haƙƙinsu, kuma abin da ya dawo da shi gida ke nan a 1934.

Ya fara aikin jarida a birnin Accra, wanda fatakenmu ke kira Ankara, a matsayin editan African Morning Post. Turawa suka gurfanar da shi gaban shari'a bisa laifin buga rubutun tunzura jama'a, aka same shi da laifi, ya ɗaukaka ƙara ya yi nasara. A 1937 ya koma Ikko ya kafa jaridar West African Pilot. A 1944 shi da Herbert Macaulay suka kafa jam'iyyar NCNC, mai alamar zakara. Macaulay ya kamu da ciwon ajali a Kano a 1946, suna tsakiyar zagayen ƙasa, shugabancin jam'iyya ya faɗo hannun Zik. Yana da abokan tafiya a Arewa tun da wuri. Zanna Bukar Dipcharima yana cikin tawagarsa da ta je London a 1947 don ƙin tsarin mulkin Gwamna Richards, Malam Sa'adu Zungur ya riƙe sakataren NCNC na ƙasa, daga baya kuma NEPU ta Malam Aminu Kano ta ƙulla ƙawance da shi. Daga 1954 zuwa 1959 shi ne Firimiyan Jihar Gabas.

Abin lura a nan shi ne, duk abin da mutumin nan ya samu a rayuwa da alƙalami da baki ya same shi. Ba soja ba ne. In ya hau mumbari sai ya jero kalmomin Turanci dogaye, jama'a su yi ta ihun kiran sunansa ko da ba su gane rabin abin da ya faɗa ba.

KUJERA MAI TSAWO, IKO KAƊAN

A zaɓen 1959 jam'iyyar NPC ta Sardauna ta sami kujeru 134, NCNC da NEPU suka sami 89, AG ta Awolowo ta sami 73. NPC da NCNC suka haɗa gwamnati, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya ci gaba da zama Firayim Minista. Zik kuwa aka ba shi shugabancin Majalisar Dattawa, sa'an nan ran 16 ga Nuwamba, 1960, ranar da ya cika shekara 56, ya karɓi kujerar Gwamna-Janar daga hannun Sir James Robertson. Ran 1 ga Oktoba, 1963, Nijeriya ta zama jamhuriya, aka cire sunan Sarauniyar Ingila daga kanmu, Zik ya zama Shugaban Ƙasa na farko.

To, ga inda dattijonmu ya kama ni. Tsarin mulkin 1963 irin na Ingila ne, watau majalisa ce uwar gwamnati. Jama'a ba su zaɓi Shugaban Ƙasa da ƙuri'arsu ba, 'yan majalisu biyu ne suka haɗu suka zaɓe shi na shekara biyar. Da sunansa ake mulki, shi ke sa hannu a doka, shi ke buɗe majalisa, shi ke karɓar jakadu, shi ake kira Babban Kwamandan Askarawa. Amma kusan duk wannan sai da shawarar Majalisar Ministoci, kuma shawarar nan ba irin wadda mutum zai ce ya ji ya ƙi ba ce. Ko jawabin buɗe majalisa, manufofin gwamnati ne yake karantawa, ba nasa ba. Wuri ɗaya ne babba da aka bar masa ya yi amfani da hankalinsa: bayan zaɓe, shi zai dubi wanda ya fi alamar samun goyon bayan mafi yawan 'yan Majalisar Wakilai, ya kira shi ya kafa gwamnati.

Saboda haka abu biyu ya rage wa Zik, wannan kira da kuma muryarsa. Muryar mai irin wannan kujera tana da nauyi ne muddin kowane ɓangare na ganin ba shi da gefe. Matsalar Zik ita ce shi ya gina NCNC da hannunsa, kuma ba wanda ya manta da haka, har shi kansa.

Ba Nijeriya kaɗai ta gamu da wannan ba. A Indiya, wadda ita ma ta ɗauki tsarin Ingila, Shugaba Rajendra Prasad ya yi jawabi a 1960 inda ya nemi masana shari'a su duba ko lalle wajibi ne ya bi shawarar ministocin Nehru a kan komai. Maganar ta tayar da ƙura, amma ta tsaya a bakin lauyoyi, har aka gyara tsarin mulkinsu a 1976 aka rubuta wajibcin a fili. Tamu kuwa ba ta tsaya a nan ba.

JAWABI NA FARKO

Zaman NPC da NCNC ya lalace a kan ƙidayar jama'a. An soke ta 1962, aka sake a 1963, aka ce mu miliyan 55.6 ne, Arewa na da miliyan 29.8. Da wannan lissafi Arewa ta tashi da kujeru 167 cikin 312 na Majalisar Wakilai. Firimiyan Gabas, Dokta Michael Okpara, ya ƙi yarda. Da zaɓen 1964 ya gabato sai jam'iyyu suka rabu gida biyu. NPC da NNDP ta Akintola suka zama NNA. NCNC da AG da NEPU da UMBC ta Joseph Tarka suka zama UPGA. Aka shiga yaƙin neman zaɓe da duka da ɗauri da hana taro, kowane ɓangare na yi inda yake da ƙarfi. 'Yan UPGA suka yi kukan an hana 'yan takararsu miƙa takardu a wurare da yawa, musamman a Arewa, inda aka ce 'yan NPC masu yawa sun wuce ba hamayya.

Ran 10 ga Disamba, 1964, da asuba, Zik ya yi wa ƙasa jawabi ta rediyo. Ya lissafa koke-koken da suka iso gare shi, ya yi gargaɗi cewa in 'yan siyasa ba su shiga taitayinsu ba abin da zai faru a nan zai sa a manta da bala'in Kwango. Ya ƙara da cewa in har rabuwa ta zama dole, to gara shugabanni su zauna a rabu cikin lumana ba tare da zubar da jini ba.

Muna makaranta a ranar, kuma waɗanda muka yi aji ɗaya za su tuna malaminmu na tarihi ya ajiye darasin ranar ya ɗauko wannan. Ya ce mana gaskiya ce a cikin maganar, amma wanda aka ɗora don ya zama alamar haɗin kan ƙasa, in ya ambaci rabuwa da bakinsa, ya buɗe ƙofar da ba shi da ikon rufewa. Magana zarar bunu ce. A Arewa ba a ji jawabin nan a matsayin nasihar uba ba, an ji shi ne a matsayin muryar UPGA daga fadar Shugaban Ƙasa. Tun daga ranar rabin ƙasa ya daina sauraronsa a matsayin alƙali.

JAWABIN DA BA A YI BA

Zik ya nemi Firayim Minista a ɗage zaɓen, Ɓalewa ya ce wannan aikin Hukumar Zaɓe ne. Hukumar kanta, ƙarƙashin Eyo Esua, ta rabu, wasu wakilanta suka ajiye aiki. Aka yi zaɓe ran 30 ga Disamba. UPGA ta ƙaurace, a Gabas ba a jefa ƙuri'a ba sam, a Ikko ma kusan haka. A wajenmu kuwa iyayenmu maza suka fita, don a lokacin matan Arewa ba su da ƙuri'a. NPC ta tashi da kujeru 162, watau ita kaɗai ta haye rabin majalisa.

Nan fa aka zo wurin da doka ta bar wa Shugaban Ƙasa. Zik ya ƙi kiran Ɓalewa. Ya shirya jawabin da zai karanta ran 1 ga Janairu, 1965, inda zai shaida wa ƙasa cewa zuciyarsa ba ta yarda da zaɓen ba, kuma gara ya sauka da ya kira wani ya kafa gwamnati a kansa. An raba wa 'yan jarida takardar, amma aka janye ta kafin a watsa. Mu dai a Abare mun kwana biyu muna murɗa rediyo, ba mu ji komai ba sai kiɗa da labaran da ba su ƙoshi ba. Kwana da kwanaki ƙasa na zaune, ba wanda ya san wa ke riƙe da ita.

A cikin kwanakin nan Zik ya kira shugabannin askarawa fadarsa: Manjo-Janar Welby-Everard, Baturen da ke shugabancin sojan ƙasa, da J. E. A. Wey na sojan ruwa, da Sufeto-Janar na 'yan sanda Louis Edet. Ya tuna musu cewa shi ne Babban Kwamanda, kuma gare shi suka yi rantsuwa. Su kuwa sun riga sun nemi fatawar masana shari'a, aka nuna musu cewa bisa dokokin da suka kafa rundunoninsu, umurnin aiki daga Firayim Minista da ministocinsa yake fitowa. Suka shaida masa haka cikin ladabi. A ranar ce aka gane iyakar kujerar: suna nasa ne, amma linzami na hannun wani.

JAWABI NA UKU

Manyan alƙalai biyu ne suka shiga tsakani, Babban Jojin Ƙasa Sir Adetokunbo Ademola da Babban Jojin Gabas Sir Louis Mbanefo. Aka daidaita a kan cewa za a kafa gwamnatin da ta haɗa kowa, a yi zaɓe inda ba a yi ba, wanda ke da ƙorafi ya tafi kotu, a kuma sake duba tsarin mulki. Ran 4 ga Janairu, 1965, daidai shigowar watan azumi, Zik ya hau rediyo ya ce ya kira Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa ya kafa gwamnati, shi ma Ɓalewa ya yi nasa jawabin na neman sulhu. Wannan shi ne wanda na fassara wa dattawanmu a daren da aka yi mini dariya. A watan Maris aka yi zaɓe a Gabas, NCNC ta koma cikin gwamnati.

Ku dubi abin mamaki. Ɓalewa na da rinjaye, sojoji na bayansa, lauyoyi na bayansa, amma duk da haka bai iya kafa sabuwar gwamnati cikin kwanciyar hankali ba sai da kalma ta fito daga bakin Zik. Shirun kwana biyar na mutumin da aka ce ba shi da iko ya tsayar da ƙasa cik, ya kuma tilasta wa masu rinjaye su raba kujerun minista da abokan hamayyarsu. Amma kuma da zarar kalmar ta fita, ba abin da ya rage a hannunsa. Magoya bayan UPGA da yawa suka ce ya sayar da su, 'yan NPC kuma ba su sake amincewa da shi ba.

SHIRU DA ABIN DA YA BIYO BAYA

A watan Oktoba na 1965 aka yi zaɓen Jihar Yamma, wanda maguɗinsa ya jawo ƙone-ƙone da kashe-kashe. A lokacin da ƙasa ta fi bukatar muryar uba, Zik ya fita waje jinya da hutu, ya bar Shugaban Majalisar Dattawa, Dokta Nwafor Orizu, yana riƙon ƙwarya. Ran 15 ga Janairu, 1966, cikin watan azumi, wasu hafsoshi suka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Akintola da Okotie-Eboh, da manyan sojojinmu irin su Birgediya Zakariya Maimalari da Kanar Kur Muhammad. Rashin Zik a ƙasa a wannan rana ya bar zargi a zukatan mutanen Arewa wanda ya daɗe bai gushe ba, kuma ni ma da shi na tashi.

Ministocin NPC da suka rage sun tsayar da Dipcharima ya riƙe kujerar Firayim Minista, amma Orizu bai rantsar da shi ba. A daren 16 ga Janairu ya hau rediyo ya ce ministoci sun miƙa mulki ga soja da yardarsu, Janar Ironsi ya karɓa. Wasu daga cikin waɗanda suka halarci zaman sun bayyana daga baya cewa ba da son ransu aka yi ba. Kun ga ke nan, kujerar nan da aka raina, da jawabin mai riƙe da ita aka rufe Jamhuriya ta Farko.

Da yaƙin basasa ya ɓarke Zik ya taimaki Biyafara wajen neman goyon bayan ƙasashen waje, amma a 1969 ya janye ya dawo yana kiran a zauna ƙasa ɗaya. Da aka zo rubuta tsarin mulkin 1979, rikicin nan na Zik da Ɓalewa na cikin dalilan da suka sa aka bar tsarin Ingila aka ɗauki na Amurka, aka haɗa suna da linzami a hannun mutum ɗaya. Zik ya nemi wannan sabuwar kujera a ƙarƙashin NPP a 1979, ya zo na uku bayan Alhaji Shehu Shagari da Awolowo, ya sake nema a 1983 bai samu ba. Maƙwabtanmu na Nijar ma sun ɗanɗana irin wannan a 1995, sa'ad da Shugaba Mahamane Ousmane da Firayim Minista Hama Amadou suka kasa zama inuwa ɗaya, har soja suka karɓe a watan Janairu na 1996, ko da yake nasu shugaban jama'a ne suka zaɓe shi kuma ya fi Zik iko.

Zik ya rasu a Inugu ran 11 ga Mayu, 1996, yana da shekara 91, aka binne shi a Anacha ran 16 ga Nuwamba, makonni kaɗan bayan an ƙirƙiro mana Jihar Zamfara. An sa wa filin jirgin saman Abuja sunansa, an kuma sa hotonsa a takardar naira 500 a 2001.

ABIN DA NA GANI

Na yi shekaru ina koyar da wannan tarihi kafin ra'ayina ya zauna. Ina ganin Zik ya yi kuskure biyu. Na farko, ya ambaci rabuwa daga kujerar da aikinta haɗawa ne. Na biyu, wanda ya fi muni, ya kira sojoji su raba gardamar farar hula. Manyansu sun ƙi, amma ƙananan hafsoshi na kallo, kuma sun koyi cewa in manya suka saɓa, wurin mai bindiga ake zuwa. Amma kuma dole in faɗi nasa alherin. Koke-koken da ya lissafa ba ƙage ba ne, mu da muka ga yadda ake yi wa 'yan NEPU a karkara mun sani. Sa'an nan a ranar 4 ga Janairu yana iya cijewa, magoya bayansa ma haka suka so, amma ya haɗiye fushinsa ya bi doka, ya karanta jawabin da bai so ba. Wannan ya saya wa ƙasa shekara ɗaya. Rashin amfani da shekarar nan laifi ne da ya hau kan shugabannin lokacin gaba ɗayansu.

Da dattijon nan na Abare yana raye, da na ce masa: Baba, Abubakar ke da hukunci, Zik ke da shaida. Hukunci ba ya zama sai mai shaida ya buɗe baki, mai shaida kuma ba ya da daraja sai in kowa ya yarda ba ya da gefe. Da yawa a cikinmu yanzu irin wannan kujera muke kai, a gida ko a unguwa ko a majalisar sarki, an bar mana girma, aiki na hannun yara. Sai mu san ranar magana da ranar shiru.

Allah Ya jiƙan malamanmu da 'yan ajinmu da suka riga mu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Wassalam.